Shawara: Malamina ya soke majiyoyi 9 cikin 14 da na kafa hujja da su

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a jami'a. Na kai wa malamin da ke duba kundina babi na biyu, sai ya dawo mini da shi ya soke majiyoyi 9 daga cikin 14, ya rubuta a gefe cewa ba abin dogaro ba ne. Abin da ya ɗaure mini kai, waɗanda ya soke ɗin su ne shafuka masu kyan tsari, da tambari da hotuna da alamar tsaro, wasu ma adireshinsu da .org ya ƙare. Cikin waɗanda ya bari kuwa har da wani tsohon shafi mai baƙin rubutu a kan fari, ko hoto babu. Saura mini mako 3 in mayar da gyara, kuma ina jin nauyin in tambaye shi. Yaya ake gane shafin da za a dogara da shi, kuma ina zan samo ingantattun majiyoyi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Malamin da ya bi manazartarki ɗaya bayan ɗaya har ya soke 9 ya bar 5, ya karanta aikin da gaske ke nan, kuma gara ya soke su yanzu a ofishinsa da a soke su ranar kare kundi a gaban jama'a. Mako 3 ya isa, muddin kin gane inda gizo ke saƙa.

Kin bar idonki ya yi aikin da bincike ya kamata ya yi. Tsarin shafi yana nuna miki ko zai yi daɗin amfani, wato ko rubutun na karantuwa, ko za ki sami abin da kike nema babu wahala. Amma wa ya rubuta, ta yaya ya san abin da ya faɗa, me zai samu in kin yarda da shi, waɗannan ukun su ne malaminki ke nema, kuma babu ɗayansu da launi ko tambari ke amsawa.

Wannan tuntuɓen na kowa ne. A shekarar 2002 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin B.J. Fogg, sun sa mutum 2,684 su duba shafukan intanet su faɗi wanda suka fi yarda da shi da dalilinsu. Dalilin da ya fi yawan fitowa, a kusan kashi 46 cikin 100 na bayanan da suka rubuta, shi ne kamannin shafin. Wani binciken da aka yi a Jami'ar Carleton ta Kanada, aka buga a 2006, ya nuna mutum kan yanke hukunci kan kyan shafi cikin kashi 1 bisa 20 na daƙiƙa. Kafin ki karanta jimla ɗaya zuciyarki ta riga ta karkata. Kyan shafi kuwa shi ne abu mafi araha a intanet yau. Akwai shiryayyun tsare-tsare da mutum zai ɗauko ya sa sunansa, ya zuba hotunan da ake sayarwa na mutane sanye da farar rigar likita, ya ƙirƙiro tambari, kafin rana ta faɗi ya zama “cibiyar bincike”. Shi kuma wancan tsohon shafin da malaminki ya bari, mai yiwuwa na wani farfesa ne ko na rumbun adana takardu, wanda aka kafa shekara 20 da suka wuce, masu shi suka zuba ƙarfinsu kan abin da ke ciki, suka manta da fenti.

Ɗan kwaɗon makullin da kike gani a gefen adireshi, da https ɗin da ke gabansa, ma'anarsu ɗaya ce: abin da ke kai-komo tsakanin na'urarki da shafin a ɓoye yake, wani ba zai leƙa a hanya ba. Ba su ce komai kan gaskiyar mai shafin ba. Ana ba da takardar shaidar da ke samar wa shafi wannan alamar kyauta, kuma 'yan damfara ma suna karɓa. Masu burauzar Chrome da kansu sun cire hoton kwaɗon a 2023 saboda mutane da yawa na ɗaukarsa shaidar amana.

Haka .org. Duk mai kuɗin rajista zai iya mallakarsa, kamar .com da .net, ba a tambayarsa ko ƙungiya ce ko kamfani ko mutum ɗaya a ɗakinsa. Waɗanda ke da shinge su ne irin .gov na hukumomin gwamnatin Amurka, da .edu wanda tun 2001 aka taƙaita sabuwar rajistarsa ga manyan makarantun Amurka da aka amince da su, da .int na hukumomin ƙasa da ƙasa kamar Hukumar Lafiya ta Duniya. Sauran ƙasashe suna haɗa gov ko ac ko edu da haruffan ƙasarsu, kamar ac.uk na jami'o'in Birtaniya. Ko a nan ma da sauran aiki. A rumbun jami'a akwai rubutun farfesa, akwai kuma aikin ɗan aji ɗaya da aka ɗora a kusa da shi. Shafin gwamnati hujja ne kan ƙididdigarta da dokokinta, amma sanarwar da ma'aikata ta fitar tana yabon shirinta, yabon kai ne, a haka za ki ɗauke ta.

Ki kuma koyi karanta adireshi daga inda ya dace. Ki nemi karkataccen layi guda na farko da ya biyo bayan sunan, sannan ki karanta baya. Kalmomin da ke manne da layin su ne ainihin mai gida. Adireshi irin who.int/ na Hukumar Lafiya ne. Amma who.int.example.com/ na mai example.com ne, ya rataya sunan hukumar ne a gaba don ido ya ruɗu. A waya wannan ya fi haɗari, domin burauza kan yanke dogon adireshi, ba ta nuna shi duka.

Duk da haka tsari ba ya rasa abin faɗa, sai dai ya fi amfani wajen kore shafi da wajen wanke shi. Ki duba ko akwai sunan marubuci, mutum mai suna da muƙami da za a iya nemowa a wani wuri. Ki duba ranar da aka buga rubutun, kada ki ruɗu da shekarar da ke can ƙasan shafi kusa da alamar haƙƙin mallaka, domin a shafuka da yawa ita wannan da kanta take canzawa duk farkon shekara, rubutun 2011 sai ya zauna a ƙarƙashin shekarar bana. Ki duba ko an raba talla da bayani, ko kuwa maƙalar da ke bayanin wata cuta ita ce ke sayar da maganinta a sakin layi na ƙarshe. Ki danna mahaɗai 2 ko 3 da ke cikin rubutun ki ga inda suke kai ki. In duk suna zagayowa cikin shafin ne, ko suna kai ki ga kanti, ko sun mutu, kin sami amsa. Abu ɗaya da muke ba shi nauyi sosai shi ne shafin gyare-gyare. Jaridar da ke rubuta “mun yi kuskure a nan, ga daidai” ta nuna akwai wanda ke bibiyar aikinta. Wadda ba ta taɓa gyara komai ba a fili, ko dai tana sharewa a ɓoye, ko babu mai dubawa.

In wata rana aka ba ki aikin auna tsarin shafi shi kansa, wannan ma'auninsa daban. Ana duba ko rubutu ya fita sosai daga bangonsa, kuma ƙa'idar WCAG ta W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta sa bambancin haske na aƙalla 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum. Ana duba ko shafin na zama daidai a waya, ko hotuna na da bayanin da manhajar makafi za ta karanta, ko mutum na sanin inda yake da yadda zai koma baya. Sai a ba mutum 5 aiki ɗaya, a ce su nemo wani abu, a zuba ido a ga inda suke maƙalewa. Shafi zai iya cin duk wannan jarabawar alhali ƙarya yake yaɗawa, saboda haka a raba takardun makin biyu.

Yanzu ga dabarar da za ta fi yi miki amfani. Da kin sauka a shafin da ba ki sani ba, ki fita daga cikinsa. Sam Wineburg da Sarah McGrew na Jami'ar Stanford sun gwada wannan a binciken da suka fitar a 2017. Sun ɗauki masana tarihi 10 masu digirin digirgir, da ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗaliban jami'ar 25, suka ba su maƙaloli biyu kan cin zalin yara a makaranta. Ɗaya daga American Academy of Pediatrics, babbar ƙungiyar likitocin yara da aka kafa a 1930, mai mambobi sama da 60,000. Ɗayar daga American College of Pediatricians, ƙaramar ƙungiya da ta ɓalle a 2002 saboda saɓanin ra'ayi. Sunayen sun yi kama, duka biyun suna da tambari, duka biyun .org ne. Masu tantance labaran nan duka 10 sun gano wadda ta fi nauyi, mafi yawan ɗaliban kuwa ƙaramar suka zaɓa. Ɗaliban sun tsaya cikin shafin suna karantawa daga sama zuwa ƙasa, suna auna kyansa da yadda ya jera manazarta. Ƙwararrun kuwa ɗan leƙe suka yi, suka buɗe sababbin shafuka a gefe, suka tambayi duniya su wane ne waɗannan. A wani gwajin na binciken, shafin minimumwage.com da ke magana kan mafi ƙarancin albashi ya zamana yana da alaƙa da wani kamfanin hulɗa da jama'a mai yi wa masu gidajen abinci da otal aiki, abin da ba za ki gane daga fuskar shafin ba.

Ga yadda za ki yi. Ki buɗe sabon shafi a burauza, ki rubuta sunan ƙungiyar tsakanin alamomin zance, sannan ki ƙara alamar ragi manne da site: da adireshinsu, kamar haka: "sunan ƙungiyar" -site:adireshinsu.org. Wannan zai cire duk abin da suka faɗa game da kansu, ya bar miki abin da wasu suka faɗa. Kada ki danna sakamakon farko don kawai shi ne a sama, na saman sau da yawa talla ne ko aikin waɗanda suka iya jan hankalin injin bincike. Ki karanta guntayen bayanan shafin farko duka, ki zaɓi jarida ko jami'a ko hukumar da kika riga kika sani. Tambayoyinki uku ne: yaushe aka kafa su, wa ke ba su kuɗi, masana fannin na kafa hujja da su? Marubucin ma ki yi masa haka. Farfesan injiniya masani ne, amma in yana rubutu kan abincin jarirai ya fita gonarsa. Minti 2 zuwa 3 ya isa. In kuma kin bincika ba ki sami kowa a duniya da ya taɓa ambaton “cibiyar” ba, shirun nan ma amsa ce.

In shakka ta rage, akwai kayan aiki biyu. A lookup.icann.org za ki sa adireshi ki ga ranar da aka yi masa rajista. Sunan mai shi galibi a ɓoye yake tun 2018, amma ranar tana nan, kuma cibiyar da ke cewa ta shekara 30 tana bincike alhali adireshinta watansa 8, sai ta yi bayani. Na biyu shi ne Wayback Machine na Internet Archive, rumbun da ke adana hotunan shafuka tun 1996. Zai nuna miki kamannin shafin a shekarun baya, ko dā kantin sayar da kaya ne, ko an sauya wata magana a ɓoye.

Wikipedia a nan abokiyar tafiya ce. Ki karanta ta don ki san fagen, ki koyi kalmomin da masana ke amfani da su, ki gangara ƙasa ki kwashi manazartarta. Amma kada ta shiga kundinki a matsayin hujja, ki bi ta ne zuwa inda ta ɗebo.

Wannan ya kawo mu ga abin da muke zaton shi ya kashe yawancin majiyoyinki 9: ba su ne tushen maganar ba. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa ba a karɓar magana sai an bi isnadinta, wa ya ji daga wa, har a tuƙe ga asali. Ƙididdiga a intanet ma haka take. Ki ɗauki jimlar da ke ɗauke da lambar, ki sa ta tsakanin alamomin zance a injin bincike, ki nemi wanda ya fara faɗa. In shafin ya ce “bincike ya nuna” bai faɗi wane bincike ba, na wa, a wace shekara, wannan “an ce” ne a cikin riga mai kyau. In kin isa ga ainihin rahoton, ki buɗe shi, ki danna Ctrl da F, ki nemo lambar da idonki, ki karanta sakin layin da ke kewaye da ita.

Abubuwa uku ke lalacewa a hanya. Na farko, su wa aka ƙirga. A ce rahoto ya rubuta cewa kashi 40 cikin 100 na ɗalibai 200 da aka tambaya a makarantu 3 ba sa samun isasshen barci. Jarida ta ɗauka ta ce kashi 40 na ɗaliban birnin. Wani shafi ya ɗauka daga jaridar ya ce kusan rabin ɗaliban duniya. Lambar ba ta canza sosai ba, amma maganar ta zama ƙarya. Na biyu, shekara: ƙididdigar da aka tattara shekara 15 da suka wuce sai ta yi ta yawo da kalmar “yanzu”. Na uku kuma shi ya fi wuyar kamawa, wato inda masu bincike suka ce abu kaza na tafiya tare da abu kaza, mai kwafa ya ce wannan ne ke haddasa wancan. Ki kuma sani shafuka 10 da suka kwafi juna majiya ɗaya ce. A 2012 wani ɗalibi ya shigar da ƙarya a Wikipedia cewa wani ɗan Sikotilan ne ya ƙirƙiro na'urar gasa burodi ta lantarki. Jaridu da littattafai suka kwafa, aka dawo aka kafa hujja da su a Wikipedia ɗin, ƙaryar ta yi ta zagaye tana ƙara ƙiba har 2022 kafin asirinta ya tonu.

To ina za ki samo na ƙwarai? Ki fara da laburaren makarantarki, kuma muna nufin mutanen da ke ciki. Da ɗan gari akan ci gari. Ki je wurin ma'aikacin sashen bincike da taken kundinki a rubuce, ki tambaye shi waɗanne rumbunan mujallu makarantar ke biya, da yadda ake shiga daga waje. Ɗalibai da yawa kan gama digiri ba su san an biya musu kuɗin shiga JSTOR ko makamancinsa ba.

Sai Google Scholar, injin binciken rubuce-rubucen masana. Kada ki rubuta masa doguwar tambaya, ki ba shi muhimman kalmomi 3 ko 4, ki sauya su da masu ma'ana ɗaya har sau 4 ko 5, domin masana kan kira abu ɗaya da sunaye daban-daban. Ki taƙaita shekaru daga gefe. Abin da za ki fara nema shi ne maƙalar bita ta kwanan nan, wadda ta tattara ayyukan da aka yi a fannin. Guda ɗaya mai kyau za ta ba ki hanya biyu: manazartarta za su kai ki baya ga tushe, jerin waɗanda suka kafa hujja da ita, wanda ke ƙarƙashin sunanta a Scholar, zai kai ki gaba ga sababbin ayyuka. Sunan da kika ga yana ta maimaituwa a maƙaloli 4 ko 5, shi ne ginshiƙin da malaminki zai yi mamaki in bai gani ba. In maƙala na neman kuɗi, ki danna inda aka jera sauran kwafinta, sau da yawa marubucin ya ajiye ɗaya kyauta a rumbun jami'arsa. In babu, ki aika masa gajeren imel cikin ladabi, masu bincike da yawa na jin daɗin turawa.

Kowane fanni da rijiyarsa. PubMed na lafiya da magunguna ne, ERIC na ilimi da koyarwa, DOAJ na jera mujallun da ake karantawa kyauta bayan an tace su, African Journals Online kuma na tattara mujallun da ake bugawa a Afirka. Ƙididdiga ki ɗebo ta daga masu tattara ta, kamar Bankin Duniya, UNESCO, Hukumar Lafiya ta Duniya, ko hukumar ƙididdiga ta ƙasar da kike nazari. A injin bincike na yau da kullum, ƙara filetype:pdf na fito da rahotanni, site: kuma na tsare binciken cikin rumbu ɗaya. Ki karanta tsakure da kammalawa kafin ki sauke komai, sannan sashen hanyar bincike, don ki san mutum nawa aka nazarta, a ina, ta wace hanya.

Sai dai Google Scholar mai tarawa ne, ba ya tacewa. Akwai mujallun da sana'arsu karɓar kuɗin marubuci su buga duk abin da ya turo. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wata maƙalar bogi mai kurakurai a fili ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Irin waɗannan mujallun su ma sun iya ado. Alamominsu: alkawarin tantancewa cikin 'yan kwanaki, suna mai faɗi da ya haɗa fannonin da ba su da dangantaka, da jerin editocin da in kin nemo su a shafukan jami'o'insu ba su ambaci mujallar ba. Ki duba ko tana cikin DOAJ ko Scopus ko Web of Science, wato rumbunan da ke jera mujallun da aka tace, a rumbunan kansu za ki duba, kada ki yarda da tambarin da mujallar ta manna a shafinta. Rubutun da ke arXiv ko medRxiv kuwa, wato rumbunan da masu bincike ke ɗora aikinsu kafin mujalla ta buga shi, galibi bai riga ya wuce hannun masu tantancewa ba, ki nemi ko an buga shi daga baya, in ba a buga ba ki faɗi haka a kundinki.

Babbar mujalla ma takan janye aiki. The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield a 1998, wadda ta dogara da yara 12 ta jefa shakku kan allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela. An gano maƙalar ba ta da gaskiya, aka janye ta a 2010, manyan binciken da suka biyo baya ba su sami alaƙar da ta raya ba, amma har yau kwafinta na yawo babu tambarin janyewa. Saboda haka duk maƙalar da za ki ɗora babi a kanta, ki buɗe ta a shafin mujallar kanta, ki kuma duba rumbun Retraction Watch, mai jera maƙalolin da aka janye.

Ba ki ambaci manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba, amma dole mu ambata. Suna iya taimaka miki da kalmomin bincike, sai dai sukan ƙirƙiro manazarta mai sunan marubuci na gaske, da mujalla ta gaske, da shekara da lambar shafi, alhali maƙalar babu ita. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 bayan sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro. Gwajin mai sauƙi ne. Yawancin maƙalolin zamani na da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, wadda ke farawa da 10 da ɗigo. Ki sa ta a doi.org, ki tabbata ta buɗe, kuma take da marubutan da suka fito su ne waɗanda ke hannunki. Abin da ba ki buɗe da hannunki kin karanta ba, kada ya shiga manazartarki, ko daga ina ya fito.

Wajen adanawa, ki sauke manhajar adana manazarta ta Zotero, kyauta ce, tana kwashe bayanan maƙala da dannawa ɗaya, tana kuma yi miki gargaɗi in wadda kika ajiye an janye ta. Amma ki duba abin da ta kwaso, takan juya sunaye ko ta bar shekara. Ki buɗe jadawali mai gida 5: maganar da kike son kafawa, majiyarta, lambar shafi, wane ne marubucin, da dalilin da ya sa kika yarda da shi a jimla ɗaya. Gidan ƙarshen nan shi ne mai gadi, in kin kasa cike shi majiyar ba ta shirya ba. Duk jimlar da kika kwafa kalma da kalma ki sa mata alamar zance nan take, domin bayan kwana 10 ba za ki tuna wacce taki wacce ta wani ba, kuma ta nan ake faɗawa satar fasaha ba da niyya ba. Shafin intanet kuwa ki ajiye kwafinsa da ranar da kika duba, shafuka na ɓacewa.

Ga yadda muke ganin ki raba kwanakinki. Kwana 3 na farko na waɗannan 9 ne. Kada ki zubar da su gaba ɗaya, ki bi kowace magana zuwa tushenta. Wasu za su kai ki ga rahoto ko maƙala ta gaske, sai ki kafa hujja da asalin. Wasu za su mutu a hanya, sai ki cire maganar ita kanta daga babin, ko da tana yi miki daɗi. Wataƙila ɗaya ko biyu su tsira ta wata fuskar: shafin ƙungiya mai ra'ayi hujja ne kan abin da ƙungiyar ke cewa, in kin rubuta “ƙungiya kaza tana ganin”, ya halatta. Mako guda na neman sababbi da karanta su, mako guda na sake rubutu, sauran kwanakin na bin manazarta ɗaya bayan ɗaya a daidaita su da salon da sashenku ke bi.

Maganar jin nauyi kuwa, kada ki jira ranar ƙarshe. A ƙarshen makon farko ki nemi minti 10 a wurin malaminki, ki tafi da jadawalin a takarda ɗaya. Ki ce, “Malam, na bi majiyoyin da ka soke, ga waɗanda na samo asalinsu, ga waɗanda na cire, ga sababbin da nake son sakawa.” Sannan ki yi masa tambayoyi uku: shekara nawa baya yake karɓa a wannan fannin, yana yarda da rahotannin hukumomi da kundayen digiri ko sai maƙalolin mujallu, kuma wane marubuci ne yake ganin bai kamata babin ya rasa ba. Ki rubuta amsarsa a gabansa, sunan da ya ba ki kuma shi za ki fara nema a Scholar a daren nan.